Yadda Ake Saƙa Gauraka da Kwarashi da Waya

Tsuntsun da aka saƙa da zare zalla ba ya tsayuwa da ƙafarsa, sai dai a jingine shi. Shi ya sa masu wannan sana'a suke haɗa saƙar kwarashi da waya da katako. Gauraka na da daɗin koyo, domin dogon wuyansa da ƙafafunsa ba sa rufa wa mai saƙa asiri.

Da waya ake farawa, zare ya jira tukuna. Don tsuntsu mai tsawon santimita 30, a yanko wayar ƙarfe mai kaurin milimita 2 guda biyu don ƙafafu, a ƙara santimita 3 a ƙasan kowace, wanda zai shige cikin katako. Wuya kuwa da wayar alminiyom ake yin sa, saboda tana lanƙwasuwa da hannu. A murɗe ukun wuri guda da filaya, daidai inda ciki zai zauna. Gaɓar tsakiyar ƙafa da ake ɗauka gwiwa ce, idon sawu ne, kuma baya take kallo. Wanda ya juya ta gaba, ya ƙera ƙafar mutum. A huda katakon, a tsayar da wannan ƙashi tsirara. In ya karkata yanzu, ba saƙar da za ta miƙar da shi.

Sai jiki. Zaren auduga ya fi ulu, don ba ya talewa kuma ba ya tsirar gashi. A ɗauki kwarashi mai lamba 2.5, saƙar ta matse yadda cikon ba zai leƙo ba. Ƙulli 6 a zagayen farko, 12 a na biyu, sannan 18, 24, har 36, ana tafiya a murɗe ba tare da rufe zagaye ba, irin salon amigurumi na Japan. A maƙala zare mai wani launi a farkon kowane zagaye, in ba haka ba lissafi zai ɓace. Idan an kai rabi, a zura wayar, a riƙa cusa audugar matashi kaɗan-kaɗan ana rage ƙulli, har a haura wuya da ƙulli 6 kacal.

Launi ba na son rai ba ne. Jikin gauraka baƙi ne mai ratsin toka, fiffikensa fari da ruwan ƙasa daga baya, kuncinsa fari a sama, ja-ja a ƙasa. Fukafukan daban ake saƙa su, a ɗinka da allura. A naɗe ƙafafu da baƙin zare ana shafa gam, a fitar da yatsu uku gaba, ɗaya dogo a baya, wanda da shi gauraka ke kama reshe ya kwana a bishiya. Baki, a fiƙe tsinken katako a shafa masa baƙin fenti. Ido kuma dutsen ado ne mai haske.

Tukkun kan gauraka mai ruwan zinariya shi ke cin lokaci. Zare ba ya yi, kwanciya yake. Gashin burushin fenti ake yankowa, a rina shi rawaya, a ɗaure gindinsa tam, a dasa a ƙeya da gam, a baza shi da tsinke kafin ya bushe. Gashin gauraka na gaske kada a nema: tsuntsun ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, kuma kama shi don sayarwa na cikin dalilai.

A zuba gam a ramukan katako, a soka ƙafafun, a bar shi ya kwana kafin a lanƙwasa wuyan yadda ake so.