Ɗiyata, Kada Maganar Likita Ta Kore Ki

Ɗiyata, matso kusa ki ji. Mata da yawa a nan Jega sun je asibiti da ƙafafunsu, sun dawo da takarda ƙulle a bakin zane, ba su sake komawa ba. Kalma ɗaya suka ji a bakin likita, gabansu ya faɗi. Ban ga laifinsu ba. Abin da mutum bai sani ba shi ke ba shi tsoro. Bari in warware miki kalmomin nan sannu a hankali.

Ta farko ita ce ƙari. In likita ya ce kina da ƙari, bai ce kina da ciwon daji ba tukuna. Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama wuri ɗaya, a cire shi a huta. Akwai mai yaɗo, shi ne ciwon daji, wato sankara ko kansa. Mafi yawan ƙululun da mata ke ji a nono ba sankara ba ne. Amma hannu ba ya bambancewa, sai gwaji.

Gwajin nan shi ake kira biyofsi. Za a kashe miki zafin wurin, a ɗebi 'yar tsoka kaɗan da allura, a duba ta a ɗakin gwaji. Mai sayen albasa a Aliero yakan yanka guda ɗaya ya ga cikinta kafin ya yi ciniki. Haka likita ke yi. Na san ana cewa daji ba ya son allura, wai in ƙarfe ya taɓa shi sai ya haukace. Masu faɗin haka don ƙauna suke faɗi. Sai dai jinkiri ne ke ba ciwon damar yaɗuwa, watannin da aka kwashe ana shafe-shafe a ɗaki.

Sai kuma mataki, daga 1 zuwa 4. A mataki na 1 ciwon ƙarami ne, yana inda ya tsiro. A na 2 da na 3 ya girma, ko ya kai ga kaluluwar da ke kusa, kamar ta hammata. A na 4 ya isa nesa, irin su hanta, huhu ko ƙashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta zo da wuri ta fi samun sauƙin magani da sauƙin kuɗi. Ko a na 4 ma akwai taimako, ana rage zafi, ana sassauta wahala.

Magani kuwa manyansa uku ne. Tiyata kin san ta. Kemo magani ne mai ƙarfi, yawanci ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, sau da yawa bayan kowane mako 3. Yana kawo tashin zuciya da kasala, suma ta zube. Sumar tana dawowa, ɗiyata. Kada ki yanke magani a tsakiya don kin ji jiki, ki gaya wa likita. Na uku shi ne gashi. Ba wuta ake sa wa mutum ba. Na'ura ce ke haska wurin na 'yan mintoci, ba a jin zafi lokacin. Mutanenmu sukan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don wannan.

Kada ki manta da rigakafi. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta daɗe tana wayar da kan matan Kebbi a kan wannan. Ki kai ƙannenki. Maigidanki ma ya yi gwajin ciwon hanta, domin in ya daɗe a jiki yakan rikiɗe ya zama sankara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin ji ƙululu, ko kin ga jini ba lokacinsa ba, fara da babban asibitin Jega. In sun tura ki Birnin Kebbi ko Kalgo, ki tafi. Ki ɗauki 'yar'uwa ta raka ki, kunne huɗu ya fi biyu. In likita ya yi Turanci, ce masa, "Likita, don Allah maimaita mini da Hausa." Haƙƙinki ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ki riƙe addu'a, ki riƙe magani. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya yi miki albarka.