Darasi: Nauyin Kula da Tsofaffinmu

Doka ta 4 cikin dokoki 10 na Allah ta umarce mu da girmama uba da uwa. Mun saba koya wa yara wannan doka a ajin katikisma, sai ka ce su kaɗai ta shafa, alhali kuwa ainihin nauyinta yana faɗa wa mutum ne sa'ad da ya girma, ƙarfin iyayensa kuma ya ƙare. Sura ta 3 ta littafin Sirak ta yi magana a kan uban da hankalinsa ya fara raguwa. Darasinmu na yau kuwa a kan kuɗi da wahalar da ke cikin wannan hidima ne, gama girmamawa ta fatar baki ba ta sayen maganin hawan jini.

Bari mu fara da fansho. Tun shekarar 2004 Nijeriya ta kafa tsarin adashen fansho, aka kuma sabunta dokar a 2014: ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Ranar da ya yi ritaya zai karɓi wani abu a dunƙule, sauran kuwa sai ya zaɓa: ko kamfanin fansho ya riƙa gutsuro masa wata-wata daga abin da ya tara, ko ya miƙa wa kamfanin inshora wanda zai biya shi muddin ransa. A hanya ta fari, in ya rasu, abin da ya rage na magada ne. Ta biyun kuwa tana kāre wanda Allah ya ba tsawon rai. Kada kowa ya sa hannu a takarda sai an bayyana masa bambancin. Amma fa yawancin masu cika majami'unmu manoma ne da 'yan kasuwa, waɗanda ba su da wani fansho sai 'ya'yansu.

To, ina tsohon zai zauna? A ƙauye yana da gonarsa da sa'o'insa, abinci kuma da sauƙi, sai dai asibiti da nisa, matasa kuma sun watse birane. In an kawo shi Kaduna ko Jos, likita yana kusa, amma sau da yawa sai ka tarar da shi a kulle cikin ɗaki tun safe, ba mai ce masa sannu. Muna kuwa yawan cewa riƙon tsoho a gida ba ya cin kome. Wannan ba gaskiya ba ne. Akwai mai biya, sai dai ba a ganinta: 'ya ce ko suruka, wadda ta bar sana'arta, take wanke shimfiɗa da asuba, take juya mara lafiya bayan kowane awa 2 domin kada kwanciya ta ci masa baya da gyambo. Da za a ɗauki ma'aikaciya a madadinta, mu tuna cewa mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne a wata, ban da magani da abinci. Ɗauko yarinya daga ƙauye a raba ta da makaranta domin a tsere wa wannan kuɗi kuwa zalunci ne, ko da 'yar dangi ce.

Gidajen tsofaffi kaɗan ne a ƙasarmu, al'adarmu kuma tana ganinsu abin kunya. Duk da haka Ikkilisiya ta daɗe da wannan aiki. A 1839, a Faransa, Jeanne Jugan ta ɗauko wata makauniyar tsohuwa ta kwantar da ita a gadonta, daga nan ƙungiyar Sistoci masu kula da tsofaffi matalauta ta samo asali, suna kuma da gida a Enugu. Wanda ba shi da kowa, ko wanda ciwon mantuwa ya sa jahilai suna ce masa maye, irin wannan gida ceto ne gare shi. Iyalin da za su biya gida na kuɗi kuwa, kada fenti ya ruɗe su. Su je ba tare da sanarwa ba, su shaƙi warin ɗakuna, su duba bayan masu kwanciya, su tambayi yawan ma'aikatan da ke kwana da dare.

Shawararmu ita ce 'ya'ya su zauna tun tsohon yana da lafiya, shi ma a ji ta bakinsa, a rubuta abin da kowa zai kawo a wata, a kuma ware rabon mai jinya da ranakun hutunta. Zumuntar Mata da ƙungiyar Vincent de Paul ta kowace majami'a su tattara sunayen tsofaffin da ba su iya zuwa Misa, su miƙa wa Fada ko katikis kafin Lahadi ta huɗu a cikin watan Yuli, ranar kakanni da tsofaffi wadda Paparoma Francis ya kafa a 2021, domin a kai musu Jibin Ubangiji da shafewar marasa lafiya.