Darasi: Yadda Ake Huda Ƙarfe Ba Tare da Asara Ba

Ƴan'uwa manoma, rani shi ne lokacin gyaran kayan aiki. Wanda ya bar garmarsa ko amalankensa a lalace har ruwan shuka ya sauka, ya yi asarar kwanaki masu tsada. Sau da yawa gyaran bai wuce huda ƙarfe da ɗaura ƙusa mai noti ba. Murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake sa wa injin huda, masu walda suna ce masa meshi. A kansa darasinmu yake yau.

1. Zaɓen meshi

Meshi iri uku ne a kasuwa. Na katako yana da ɗan tsini a tsakiyar bakinsa. Na siminti bakinsa yana da faɗi. Waɗannan biyu ba sa cin ƙarfe. Na ƙarfe, ana rubuta haruffa uku a gindinsa: HSS. Ku da kuka koyi karatu, ku duba da idonku kafin ku biya kuɗi.

Kusa da haruffan akwai lamba. Ita ce kaurin meshi da milimita. Ƙusa mai kaurin milimita 8 tana son rami na 8,5 ko 9, don ta shiga ba da duka ba.

2. Yadda ake huda

Ka danne ƙarfen da matsi, ka sa katako a ƙarƙashinsa. Kada ka riƙe shi da hannu ko da ƙafa.

Ka buga ɗan gurbi da tsinin ƙarfe da guduma, don kada meshi ya zame.

In ramin babba ne, fara da ƙaramin meshi mai lamba 4, sannan ka bi da babba.

Ka tafi a hankali. Babban meshi ba ya son gudu. Ka riƙa ɗiga masa mai don ya huce. In bakinsa ya koma shuɗi, zafi ya kashe kaifinsa.

In ya kusa ɓullewa, ka sassauta danni. Daidai nan ne meshi yakan kama, ya karye.

Meshi mai kaifi yana fid da ɓawon ƙarfe a murɗe. In sai gari yake fitarwa, yana kuka, ya dakushe, sai a wasa shi. Ƙarfen sifirin mota, wanda maƙera ke yin bakin garma da shi, ya fi ƙarfin meshi. A kai wa maƙeri ya gasa shi, ya huda.

3. Kiyaye lafiya

Ka sa tabarau. Ka tuɓe babbar riga da rawani, domin inji yana iya naɗe su. Kada ka share ɓawon ƙarfe da hannu, kada ka hura shi da baki. Yara su yi nesa.

In ƙarfe ya faɗa ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, a tafi gidan likita nan take. In ka yanke, ka wanke da sabulu, ka je a duba maganar allurar tetanos. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

a) Waɗanne haruffa ne a gindin meshin ƙarfe?
b) Me ya sa ake ɗiga wa meshi mai?
c) Me za ka yi in ƙarfe ya faɗa idon ɗan'uwanka?

Ku tattauna amsoshin da malaminku a ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu damina mai albarka.