RENON ITACE A CIKIN KASKO: DARASI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Duk wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kaura ya kama hanyar Kano ya san darajar inuwar bedi da ta tsamiya a tsakiyar bazara. Kowace damina akan raba 'ya'yan itatuwa a gundumomi domin a dasa, amma kafin wata damina ta kewayo sai a tarar da yawa sun bushe. Akan ɗora laifin a kan awaki da fari. Gaskiya ne suna da nasu laifi, amma sau da yawa cutar tana can ƙarƙashin ƙasa, wajen saiwa. Domin a gane wannan sarai, za mu ɗauko darasi daga wata sana'a ta mutanen Gabas mai suna bonsai.

1. Mene ne bonsai?

Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta kuwa shuka a cikin faranti. Watau a ɗauki itacen da in a daji yake zai yi ƙafa 30, a rene shi cikin kasko har ya tsufa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma da kamannin babban itace sosai. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, gama an sami zanen irin waɗannan itatuwa a bangon kabarin wani ɗan sarkinsu na shekarar 706. Daga can ta shiga Japan. Akwai wani da ake reno tun 1625, ya tsira daga bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945, aka ba Amurka shi kyauta a 1976, aka ajiye shi a birnin Washinton. Ba tsafi ba ne, ba kuwa wani iri na dabam ba ne. Asirin guda ne: girman itace yana bin girman saiwarsa. In an tsare saiwa, an tsare rassa.

2. Itacen sitiroberi

Cikin itatuwan da ake reno haka akwai wanda masana suke kira Arbutus unedo, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1753. Turawa suna ce da shi itacen sitiroberi domin 'ya'yansa jajaye ne masu kaushi, amma ba danginsa ɗaya da sitiroberin da ake nomawa a ƙasar Jos ba. Gidansa ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kamar su Maroko da Aljeriya da Sifen da Italiya, har hotonsa yana cikin tambarin birnin Madrid. Ba ya kakkaɓe ganye. Yakan yi fure fari daga Oktoba zuwa Disamba, 'ya'yan kuwa sai sun shekara kafin su nuna, saboda haka akan ga sabon fure da nunannun 'ya'ya a reshe guda. Wannan shi ya sa masu kasko ke sonsa.

Ga yadda suke renonsa a can. Sukan sa shi a ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya cikinta. Bayan shekara 2 ko 3, a ƙarshen sanyi, sukan fid da shi su rage saiwa kaɗan, ba su wuce kashi ɗaya cikin uku, domin saiwarsa sirara ce, ba ta son a dame ta. Reshe kuwa tun yana sabo ake naɗa masa waya a karkata shi, gama in ya ƙosa karyewa yake yi. Da ma Bahaushe ya ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba a kuma aske kan rassa duka, domin a nan fure yake fitowa.

3. Ko zai yi a Katsina?

Amsa ita ce da wuya ƙwarai. A ƙasarsa ruwa da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take. Mu namu ruwan, wajen milimita 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, cikin ɗumi, abin da ke ruɓar da saiwa irin tasa. Ga zafin Afrilu da kan kai digiri 40, wanda ke gasa ɗan ƙaramin kasko kamar tanda. Irinsa ma ba ya tsira sosai sai ya sha sanyi na makonni. Wanda ya kashe kuɗinsa a kansa, mai yiwuwa ne ya yi asara. Da ɗan gari akan ci gari. Muna da namu waɗanda masu wannan sana'a a ƙasashen waje suke nema ido rufe:

Tsamiya: ganyenta ƙanana ne, tana jure aski. A jiƙa irin kwana ɗaya kafin a shuka.

Kuka: gindinta yakan yi kauri da wuri. A kankare bayan irin kafin shuka. In ta zubar da ganye da rani, a ɗauke mata ruwa sai ɗan kaɗan, in ba haka ba ta ruɓe.

Ceɗiya da durumi: reshe ake sarowa a kafa da damina, sai ya yi saiwa.

Karya: furenta kyakkyawa ne, amma ruwan jikinta dafi ne. A nisanta ta da yara da dabbobi.

4. Yadda za a yi

A sami kaskon ƙasa irin na maginan tukwane, a huda gindinsa wuri 2 ko 3. A haɗa yashi mai kauri kashi 2, tsakuwar marmara kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Kada a sa laka. Da farkon damina a fid da ɗan itacen, a yanke doguwar saiwar nan da ke nutsawa ƙasa, a baza ƙananan kamar yatsun hannu, sa'an nan a rage rassa gwargwadon abin da aka rage na saiwa. A bar shi a inuwa mako 2. Daga nan ya riƙa shan hantsi, a kāre shi daga ranar azahar da iskar hunturu. Ba a ba shi ruwa sai saman ƙasar ya sha iska, amma da bazara lalle safe da yamma. A ɗora kaskon bisa dutse saboda gara.

5. Abin da ya shafi aikin Hakimi

To, ga inda darasin ya nufa. Abin da mai bonsai ke yi da gangan, shi muke yi wa dashenmu da ganganci. Ɗan itacen da ya daɗe cikin leda, saiwarsa takan naɗe kamar gammo. In an dasa shi haka, ba ta warwarewa, ba ta nutsawa ta kai ga laima, sai ya tsumbure ko ya mutu da rani na fari. Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da hamada ke yi wa barazana, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a gaya musu muhimmancin wannan. Saboda haka ana roƙon Hakimai su jawo hankalin Dagatai da Masu Unguwanni ga waɗannan:

(a) A wurin reno, a riƙa gusar da ledoji kowane mako 2 ko 3, kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

(b) Ranar dashe, a yanke gindin leda kamar inci 1 da wuƙa mai kaifi domin a cire naɗaɗɗiyar saiwa, a kuma cire ledar duka.

(c) A dasa cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna. Dashen Satumba wahala ce.

(d) A kewaye kowane ɗaya da ƙaya, a kuma sa wanda zai shayar da shi har damina ta gaba.

(e) Malamin Hakimi ya buɗe littafi. Kada ya tsaya ga rubuta adadin da aka dasa kaɗai. Ya koma cikin Afrilu ya ƙirga masu rai, gama wannan lissafi shi ne na gaskiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa itacen bonsai ba ya girma?
2. Kawo dalilai 2 da suka sa itacen sitiroberi bai dace da Katsina ba.
3. Cikin itatuwan da aka dasa a gundumarka bara, nawa ke da rai yau?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ja zamanin Sarki, amin.