Amsar Tambaya: Farauta da Ajiyar Bindiga

Tambaya: Me ya wajaba a kan mazaunin unguwar Adakpamé a Togo mai sha'awar farauta?

Amsa: Wajibi ne ya mallaki lasisi, domin dokar gandun daji ta Togo ta 2008 ta gindaya wa farauta sharuɗɗa, kuma an haramta farauta a gandun namun daji irin na Fazao-Malfakassa. Mafarauci nagari ba ya harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba ya cinna wa daji wuta, kuma ba ya taɓa kunama, wato ƙarfen da ke tayar da bindiga, sai ya tantance abin harbinsa. A unguwa mai cunkoso kuwa, dole a cire harsashi daga bindiga kafin a ajiye ta, a kulle shi daban, nesa da yara.