Ƙuri'ar Wanda Ya Fito Daga Jarun

Wani mai karatu daga Shahuci, cikin birnin Kano, ya aiko mana da tambaya. Ƙanensa ya gama ɗaurin shekara uku a Kurmawa, ya tashi zai yanki katin zaɓe, sai waɗansu dattawan unguwa suka ce masa tsohon fursuna ba shi da baki a sha'anin jama'a. Shin haka ne?

To, malamai da dama na wannan zamani sun ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida, watau mai jefa ta yana shaidar cewa wane ya cancanci riƙon amana. Saboda haka sai mu duba hukuncin shaidar wanda aka hora. Aya ta 4 cikin Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi bulala tamanin, ta kuma hana karɓar shaidarsa. Aya ta 5 kuwa ta toge waɗanda suka tuba suka gyara. Imam Abu Hanifa yana ganin tuba tana kankare sunan fasiƙanci kaɗai, shaida ba ta dawowa. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad suka ce tana dawowa. Hujjarsu ta fi ƙarfi a wurinmu, domin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, bayan ya tsayar da haddi a kan waɗanda suka tuhumi Mugira ɗan Shu'uba, ya yi alkawarin karɓar shaidar duk wanda ya tuba daga cikinsu. Sai dai Malikawa sun toge abu guda: ba a karɓar shaidarsa a kan irin laifin da aka hore shi dominsa.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da dattawan nan. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 77, ya ba ɗan Nijeriya mai shekara 18 da ke zaune a ƙasa ikon yin rajista. Har ma a 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta tabbatar wa waɗanda ke tsare wannan haƙƙi, balle wanda ya fito. Inda aka gindaya sharaɗi shi ne tsayawa takara. Sashe na 66 ya hana wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya neman kujerar Majalisar Tarayya sai bayan shekara goma. Wannan saurayi kuwa ba kujera yake nema ba, kati ne, sai ya tafi ofishin hukumar zaɓe idan an buɗe rajista.