Shin Nas Tana Da Ikon Rubuta Tiramol? Darasi Daga Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu burin aikin jinya a ƙasar waje, ga tambaya: nas za ta iya rubuta wa majinyaci mofin ko tiramol? A Amurka amsar ita ce e, amma fa ba kowace nas ba.

Akwai rukunin ma'aikatan jinya da ake kira NP a taƙaice. Sun yi digiri na biyu ko sama da haka, suna duba mara lafiya, su gano ciwonsa, su rubuta masa magani. An fara horar da su a Jami'ar Kolorado a 1965.

Dokar tarayya ta 1970 ta kasa magungunan da ke sa maye gida biyar. Na ajin farko, irin su hiroyin, ba mai rubuta su. Aji na biyu ya ƙunshi mofin da fentanil, kuma ba a sake karɓarsu da tsohuwar takarda, sai an rubuta sabuwa. Tiramol yana aji na huɗu tun 2014.

Kafin NP ta taɓa waɗannan, sai ta wuce ƙofa uku: lasisin aiki daga jiharta, izinin jihar na rubuta irin wannan magani, sannan lambar rajista daga hukumar DEA ta tarayya. Ƙofar tsakiyar nan ce mai wuya, domin kowace jiha da dokarta. A fiye da rabin jihohin, NP tana aiki ba sai likita ya tsaya mata ba. A Teksas kuwa dole sai da yarjejeniya da likita. Filorida ce ta ƙarshe da ta ba su wannan izini, a 2016, kuma ta taƙaita na aji na biyu ga maganin kwana bakwai.

Me ya sa ake wannan tsanani? Mu da muka ga ɓarnar kodin har gwamnati ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba sai an faɗa mana ba. Farar riga kaɗai ba ta ba mutum iko; doka ce ke bayarwa, ita ce kuma ke ƙwacewa. Saboda haka in kana da aboki ma'aikacin jinya, don Allah kar ka matsa masa ya samo maka ƙwaya ta bayan fage. Lasisinsa kake neman salwantarwa, da lafiyarka.